Rashin haihuwa

Rashin haihuwa shi ne ma'aurata su shafe wata 12 suna saduwa ba tare da hana ɗaukar ciki ba, amma ciki bai shiga ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar matsalar a rayuwarsa.

Dalilai

Matsalar kan fito daga mace, ko namiji, ko duka biyun. A mace, ciwon sanyi ko ƙwayoyin cuta bayan haihuwa ko ɓari kan toshe bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan fadama da koguna irin su Rima a ƙasar Gobir, ita ma kan lalata bututun. A namiji, ƙwayoyin maniyyi kan yi ƙaranci ko rauni.

Gwaji da magani

Ana gwada miji da mata tare, domin ƙarin aure ba ya warware matsalar idan daga mijin take. Ana auna maniyyi, a ɗauki hoton mahaifa da bututun. Magani ya haɗa da ƙwayoyin sa ƙwai ya fito, tiyata, da haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji. Mazauna Kurawa, Sabon Birni da Isa na iya ganin ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.