Na'ibin da Ba a Tambayar Karatunsa

A watan Yunin 2025 aka tashi baram-baram a wani taron jam'iyyar APC na shiyyar Arewa maso Gabas a Gombe. Dalili kuwa, an miƙe an goyi bayan tazarcen Shugaba Bola Tinubu ba tare da an ambaci sunan mataimakinsa Kashim Shettima ba. Zaure ya hautsine, sai da jami'an tsaro suka fitar da manyan baƙi. Tun daga ranar raɗe-raɗin za a sauya mataimaki kafin zaɓen 2027 suka cika majalisu da teburan mai shayi. Wani ya ce a ɗauko Kirista daga Arewa, wani ya ce Arewa maso Yamma ce ke da ruwan ƙuri'u, wani ya rantse idan aka taɓa ɗan Borno to an taɓa shiyya guda.

A duk wannan cacar baki da wuya a ji wanda ya tambaya ko mutumin da ake son ɗaukowa, ko wanda ake son a bari, zai iya riƙe Najeriya idan aka wayi gari babu shugaba. An ɗauka kujerar mataimaki ta ɗan rakiya ce, wanda aikinsa zuwa ta'aziyya da buɗe taro. Wannan fahimtar ce ta fi komai ɓata lissafi, kuma tarihin ƙasar nan ya sha ƙaryata ta.

Sashe na 142 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce takarar shugaban ƙasa ba ta inganta sai ɗan takara ya gabatar da abokin tafiya daga jam'iyyarsa, kuma duk sharaɗin da aka gindaya wa shugaba yana kan mataimaki. Sashe na 146 ya ce idan shugaba ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka tsige shi, ko ciwo ya hana shi aiki har abada, mataimaki ne zai hau, ba tare da sabon zaɓe ba. Wato ranar da mutum ya dangwala wa ɗan takara, ya dangwala wa mutum biyu ne a kan kujera ɗaya.

Duk mai zuwa masallaci ya san wannan hikimar. Ba kowa ake bari ya tsaya daf da bayan liman ba, domin idan alwalarsa ta karye a tsakiyar salla, wanda ke bayansa zai jawo ya ƙarasa da jama'a. Ba a lokacin ake tambayar ko ya iya Fatiha ba. Unguwar da ta naɗa na'ibi don kawai a faranta wa wani gida rai, ranar da liman ya kwanta ciwo za ta gane kurenta.

Najeriya ta ga irin wannan rana. A ranar 23 ga Nuwamban 2009 aka fita da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Jidda jinya, bai kuma bar wa Majalisar Tarayya takardar miƙa mulki ba. Sama da wata biyu ƙasa na tafiya babu wanda ke da cikakken ikon sa hannu, har sai ranar 9 ga Fabrairun 2010 da majalisa ta fake da hujjar larura ta ayyana mataimakinsa Goodluck Jonathan muƙaddashi. 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayu, washegari aka rantsar da Jonathan. Mutumin ya zama gwamnan Bayelsa ne a 2005 saboda an tsige maigidansa Diepreye Alamieyeseigha, ya kuma zama shugaban ƙasa saboda maigidansa ya rasu. Sai a 2011 ya fara cin zaɓe da sunansa a gaba. Ko mutum na yabon mulkinsa ko yana kushe shi, shawarar ɗauko shi mataimaki da wasu 'yan tsiraru suka yanke a ƙarshen 2006 ita ta tsara wa ƙasar nan wanda ya mulke ta shekara 5.

A jihohi abin ya fi yawa. Ibrahim Gaidam ya gaji Mamman Ali a Yobe a 2009, ya yi shekara 10 a kan kujera. A Kaduna, ɗauke Namadi Sambo zuwa Abuja ya kawo Patrick Yakowa, hatsarin jirgi mai saukar ungulu na Disambar 2012 kuma ya kawo Mukhtar Ramalan Yero. Lucky Aiyedatiwa ya hau a Ondo bayan rasuwar Rotimi Akeredolu a ƙarshen 2023. A Gana ma haka John Mahama ya karɓi mulki a ranar da John Atta Mills ya rasu, a watan Yulin 2012.

To ta yaya ake zaɓen mai wannan nauyi? Ɗan takarar shugaban ƙasa dai yana bi ta zaɓen fid da gwani, komai lalacewarsa. Yana yawo jiha-jiha, ana tona masa asiri, abokan hamayya na bin diddiginsa. Mataimaki kuwa a ɗaki ake fitar da shi, tsakanin ɗan takara da gwamnoni da iyayen gida, galibi ana saura kwana kaɗan wa'adin hukumar zaɓe ya cika. A 2022 har abin ya kai ga sabon salo: Tinubu ya miƙa sunan Ibrahim Masari, Peter Obi ya miƙa na Doyin Okupe, kowa kuma ya san riƙon ƙwarya suke yi kafin a gama ciniki. Hukuma ta karɓi sunan wanda zai iya gadon shugaban ƙasa alhali masu miƙawa ba da gaske suke ba, jama'a kuma suka ɗauki abin wayon siyasa.

Ba a ce lissafin yanki da addini banza ba ne. Ƙasa mai ƙabilu da yawa tana bukatar kowa ya ga nasa a sama, shi ya sa Shehu Shagari ya ɗauki Alex Ekwueme a 1979, shekara 9 kacal bayan yaƙin basasa. Amma Ekwueme ba Ibo ne kawai ba, ƙwararren mai zanen gine-gine ne da ya kafa kamfaninsa ya kuma tara ilimi a fannoni da dama. Lissafin ma ba kullum yake fita ba. Abiola da Babagana Kingibe Musulmi ne su biyun, suka kuma samu karɓuwa a faɗin ƙasa a 1993. Atiku Abubakar ya ɗauki Ifeanyi Okowa a 2022, amma jam'iyyarsu ta faɗi zaɓen shugaban ƙasa a Delta, jihar da Okowa ke gwamna, ga kuma rigimar Nyesom Wike da ta raba PDP da gwamnoninta 5.

Idan aka zo maganar cancanta, sai a koma kan takardun makaranta, kamar nan ne gizo ke saƙa. Abin da sashe na 131 ya nema kaɗan ne: haifaffen ɗan ƙasa, mai shekara 35 (da 40 ne, aka rage a 2018), ɗan jam'iyyar da ta tsayar da shi, mai ilimin sakandare ko makamancinsa. Sashe na 318 ya ƙara sassautawa, har mai shaidar firamare zai iya shiga idan ya haɗa da shekara 10 na aiki da wasu sharuɗɗa. Wannan ƙofar shiga ce kawai. Ba ta nuna ko mutum zai iya jagorantar Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni 36 da gwamnan Babban Banki ke zama, wadda kuma tsarin mulki ya ɗora shugabancinta a kan mataimaki. Ba ta nuna ko zai iya yanke hukunci mai zafi ba, irin wanda mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo ya yanke yana muƙaddashi a watan Agustan 2018, lokacin da ya sallami shugaban hukumar DSS Lawal Daura bayan jami'anta sun tare ƙofar Majalisar Tarayya.

Abin takaicin shi ne ko wannan 'yar ƙofar jam'iyyu ba sa tsayawa su duba. David Lyon na APC ya ci zaɓen gwamnan Bayelsa da tazarar ƙuri'a sama da 200,000. Ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana jajibirin rantsar da shi, Kotun Ƙoli ta rushe nasarar saboda sunayen da ke kan takardun mataimakinsa, Biobarakuma Degi-Eremienyo, sun saɓa wa juna. Ba a samu Lyon da laifin komai ba, amma takarar guda ce, sai ta faɗi gaba ɗaya, aka rantsar da Douye Diri na PDP. Duba takardun da kwamitin tantancewa zai gama a wuni guda, sakacinsa ya jawo asarar ƙuri'un dubban ɗaruruwan mutane.

Cire mataimaki bayan an hau kuma ba wasa ba ne. Olusegun Obasanjo ya gwada lokacin da mataimakinsa Atiku ya koma jam'iyyar AC, amma a 2007 Kotun Ƙoli ta ce shugaba ba shi da ikon korar mataimakinsa. Hanyar tsigewa ce ta majalisa, mai bukatar kashi biyu bisa uku. Saboda haka duk gyaran da za a yi, kafin miƙa suna ake yinsa.

A zaɓen 2023, Dokar Zaɓe ta 2022 ta wajabta wa hukumar zaɓe ta INEC ta liƙa bayanan kowane ɗan takara cikin kwana 7 da karɓarsu, ta kuma ba kowa damar biyan kuɗi ya karɓi kwafi. Sai dai ta taƙaita 'yancin kai ƙara kan bayanan ƙarya ga waɗanda suka shiga zaɓen fid da gwani na jam'iyyar, mataimaki kuwa ba shi da wanda ya kara da shi kan kujerarsa. Abin da ya rage shi ne 'yan jarida da ƙungiyoyin sa ido su je su karɓi takardun, su bi sawun ayyukan mutumin a ofisoshin da ya riƙe, su kuma matsa a zaunar da mataimaka gaban jama'a su amsa tambayoyi, kamar yadda Osinbajo da Obi suka yi suna takarar mataimaki a muhawarar Disambar 2018.