Damben da ba a bugun kowa

Ɗan uwa mai karatu, ka taɓa ganin dattijo zaune, hannunsa bisa gwiwa yana ta kyarma shi kaɗai? In ya tashi, jiki ya yi mishi nauyi. In ya kama tafiya, sai ya riƙa jan ƙafa, taku ƙanana ƙanana, ya duƙa gaba kamar zai faɗi. Wasu su ce tsufa ne. Wasu su ce iska ce ta taɓa shi, ko an yi mishi sammu. Sau da yawa ciwo ne, kuma likita sun san shi. Sunansa ciwon Farkinson.

Wani dattijo da ya yi karatun manya wajena shi ya sa ni neman labarin ciwon nan. Rubutunsa na da kyau. Sai na lura baƙaƙensa suna ta ƙanƙancewa, har suka koma kamar sawun tururuwa. Daga baya ya daina zuwa, don kunyar alli na kyarma a hannunsa gaban mutane. Zaman ɗaki kuwa ya ƙara daskarar da jikinsa.

Mine ne ciwon Farkinson?

Wani likita na birnin Landan, a Ingila, mai suna Jems Farkinson, shi ya bayyana ciwon cikin littafi a shekarar 1817. Shi ya sa ake kiran shi da sunansa. Ana tunawa da masu wanga ciwo kowace ranar 11 ga watan Afirilu. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2019 masu shi sun zarce miliyan 8 da rabi.

Cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyi ƙanana masu yin wani sinadari da ake ce ma dofamin. Shi ke sa motsin jiki ya tafi sumul, kamar yadda mai ke sa injin niƙa ya juya. In ƙwayoyin nan suka fara mutuwa, sai dofamin ya ragu. Nan ne kyarma take zuwa, gaɓoɓi su ƙage, motsi ya yi sanyi, murya ta yi ƙasa. Ciwon ya fi kama waɗanda suka haura shekara 60, amma yana kama masu ƙarancin shekaru. Ba a ɗaukarsa wajen cin abinci tare ko gaisawa.

Har yanzu babu maganin da ke raba mutum da shi. Akwai dai mai sassauta shi ƙwarai, sunansa a bisa kwali Levodopa. Likita ne ke rubuta shi. Abu na biyu da ke taimako shi ne motsa jiki.

To, mi ya kawo dambe?

Mu nan mun san dambe: a naɗe hannu da kara, makaɗi na zuga, a kai ma juna har ɗaya ya taɓa ƙasa. Wanda muke zance daban ne, ba abokin karawa. Buhu ake bugu, ko matashi, ko iska.

A shekarar 2006, a garin Indiyanafolis na Amurka, wani tsohon babban mai gabatar da ƙara mai suna Sikot Niyuman ya kafa ƙungiyar Rock Steady Boxing. Ciwon ya kama shi yana da shekara 40. Ya shiga yin horon ƴan dambe, ya ji jikinsa yana sakewa, sai ya buɗe wuri don ƴan uwansa masu ciwon. Daga nan abin ya bazu cikin Amurka da wasu ƙasashe.

Wataƙila ka ce: Muhammadu Ali fa? Gaskiya ne, zakaran damben nan an gano yana da ciwon a 1984. Duniya ta gan shi a 1996 a Atalanta yana kunna wutar wasannin Olamfik, hannu na kyarma. Ya rasu a 2016. Yawan bugu a kai yana ƙara haɗarin kamuwa da ciwon ƙwaƙwalwa. Don haka ne aka ɗauki horon ɗan dambe, aka aje bugun mutum gefe.

Ƙaƙa horon ke taimako?

Dubi abin da ciwon ke rage ma mutum, ka dubi abin da ɗan dambe ke koyo. Ciwon na sa motsi ya ƙanƙance, shi kuwa ɗan dambe sai ya miƙa hannu har ƙarshe. Ciwon na sa mutum tangal tangal, ɗan dambe kuwa yana koyon buɗe ƙafafu ya kafe, ya yi gaba, ya yi baya, ya yi gefe. Ciwon na ƙage ƙugu, naushi kuwa sai an juya ƙugu. Mai koyarwa na cewa: dama, hagu, dama! Kunne ya ji, ƙwaƙwalwa ta riƙe, hannu ya aika. Ana ƙidaya naushi da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, don murya ita ma ta motsa.

Akwai wani amfani kuma. Ana yin shi cikin taro. Mutumin da ya ɓoye a ɗaki ya fito ya tarar da masu irin ciwonsa, a yi raha, zuciya ta yi sanyi.

Kada mu ƙara ma zance gishiri. A 2023 masu bincike sun tara gwaje gwaje fiye da 150 da aka yi bisa masu ciwon. Sun ga motsa jiki iri iri yana gyara tafiya da tsayuwa da jin daɗin rayuwa, kuma bambancin da ke tsakanin irin motsin kaɗan ne. Ke nan dambe hanya ɗaya ce cikin hanyoyi. Rawa, tafiya da sauri, iyo, duk suna yi. Wanda mutum ke so har ya ɗore da shi, shi ne nashi. Kuma horo ba ya maye gurbin magani.

In kana da mai ciwon a gida

Ka fara kai shi gidan likita, a tabbatar da ciwon, a auna zuciya da jini, a ba shi izini. Ba kowace kyarma ce Farkinson ba.

Bayan nan, ku samu buhu ku cika shi da tsumma ko ƙaiƙayi, ku rataya ga reshe mai ƙarfi. Kada ku cika shi da yashi, yana jin ma hannu ciwo. A naɗe hannu da ƙyalle mai kauri. A share wuri, ba dutse ba rami. A yi da safe ko da marece, lokacin da magani ya kama jiki. A fara da minti 10, a miƙa gaɓoɓi tukuna, a riƙa ƙarawa sannu sannu. Wanda tsayuwa ke ba wuya ya yi a zaune bisa kujera. Kai kuma ka tsaya kusa da shi, ruwan sha na gefe. In ya ji jiri ko ciwon ƙirji, a tsaya nan take.

Shi dattijon da na gaya maka, ɗansa ya kai shi likita, ya samu magani. Yanzu kullum da safe jikansa ke riƙe mishi matashi yana kai naushi yana ƙidaya. Kyarmar tana nan, amma ya komo aji. Na ja mishi layi masu faɗi cikin littafi, na ce ya cika su da manyan baƙaƙe.

Tambayoyi

1. Wane sinadari ne ke raguwa cikin ƙwaƙwalwar mai ciwon Farkinson?
2. Mine ne bambancin wanga horo da damben gargajiya?
3. Mi ya kamata a fara yi kafin a rataya buhu?