Gidauniya Ce ko Kasuwanci? A Bincika Kafin a Zuba Kuɗi

A shekarar 2016 MMM ta mamaye Najeriya da rigar taimakon juna. Masu tallata ta ba sa kiran abin zuba jari. Cewa suke ana ba da taimako ne, bayan wata guda a karɓi kuɗin da ƙarin kashi 30 cikin ɗari. A watan Disamba aka dakatar da cire kuɗi, dukiyar mutane da dama ta salwanta. Da yawa sun faɗa ramin ne saboda ba su bambance ƙungiyar agaji da harkar neman riba ba.

Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta raba su sarai. Kamfani na masu hannun jari ne, idan ya ci riba suna iya rabawa. Ƙungiyar da ba ta neman riba kuwa, kamar gidauniyar marayu ko ƙungiyar ci gaban gari, amintattu ne ke riƙe da dukiyarta. Tana iya biyan ma'aikata albashi, tana ma iya sayar da kaya, amma rarar da ta samu aikin da aka kafa ta dominsa za ta koma. Ko rushe ta aka yi, mambobi ba sa raba kadarorinta. Wata ƙungiya mai irin manufarta ake miƙa wa.

Don haka duk "gidauniyar" da ta yi alkawarin ninka wa mutum kuɗinsa, akwai lauje cikin naɗi.

Haka masu zagaya unguwanni da riga mai tambari da damin fom, suna rubuta sunayen zawarawa da masu ƙananan sana'o'i, wai tallafi na tafe. Sai a nemi kuɗin fom da lambar BVN, daga nan wayarsu ta daina shiga.

Domin a bincika, takardar rajistar hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista tana nuna ko wace irin harka ce: RC ta kamfani, BN ta sunan kasuwanci, IT ta amintattun ƙungiya, kuma ana iya duba sunan a shafin hukumar. Amma rajistar CAC kaɗai ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce. Wannan hurumin hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ne. Wanda aka damfara yana iya kai ƙara ofishin EFCC ko na 'yan sanda, da rasit ko shaidar tura kuɗin a hannu.