Robar Silikon: Abin da Zafi da Haske Ke Yi wa Kayan Lafiyarmu

Tun shigowar sanyi nan Clinton, tambaya biyu nake ta sha a kantin magani. Wata hajiya ta ce wayar matashin ɗumama bayanta ta ƙage tana tsagewa. Wani baba kuma ya ji an ce da haskoki masu ratsa jiki ake tsarkake robar fitsari, sai tsoro ya kama shi. Amsar duka biyun tana ga irin robar.

Yawancin wayoyin gida da robar PVC ake naɗe su. Gwargwadon irinta, tana jure zafin digiri 70 zuwa 105 a ma'aunin Salshiyas. In zafi ya daɗe a kanta, man da ke tausasa ta sai ya fice, ta bushe ta tsage. Silikon kuwa asalinsa daga yashi ne. Sinadaran silikon da oksijin ne ƙashin bayansa, kuma haɗinsu ya fi na robar gama-gari ƙarfi. Shi ya sa yake jure digiri 180, wato 356 a Faranhait da muke amfani da shi a Amurka. Ko ya ƙone, farar toka yake bari, wadda ba ta wuce da lantarki. Don haka ake naɗe wayoyin tanda da na ƙararrawar gobara da shi, ake kuma yin kan bulumboti da abin rufe hanci na injin CPAP.

To, haskokin fa? Ana tsarkake kayan asibiti da yawa da hasken gama daga sinadarin kobalt-60, galibi a ma'aunin kilogire 25. A gida Gana ma akwai irin wannan na'ura a Kwabenya, ƙarƙashin Hukumar Makamashin Nukiliya. Hasken yana kashe ƙwayoyin cuta ya wuce, ba ya zama cikin kayan, kamar yadda hoton ƙirji ba ya barin komai a jikin mutum. Baba, ka kwantar da hankalinka.

Amma robar kanta tana canzawa. Hasken yana ƙulla zaruruwan silikon da juna. Haskawa ɗaya ba ta hana shi aiki, amma in aka maimaita sai ya yi tauri, ya rage miƙewa, ya fara tsagewa. In zafi ya haɗu da haske, tsufan ya fi sauri. Wannan na cikin dalilan da suka sa duk abin da aka rubuta a yi amfani da shi sau ɗaya, kada a tafasa shi a maimaita.

Silikon yana da rauni biyu: yana yagewa da sauƙi, kuma mai yana lalata shi. Kada a shafa basilin ko man kaɗe a fuska sannan a ɗaura abin CPAP.

Ga abin da nake roƙo mu kiyaye:

1. A duba wayar matashin ɗumi da bargon lantarki kafin a kunna. In ta tsage ko ta yi tauri, a jefar, kada a ɗaure da salatif.
2. A sa hita a soket ɗin bango kai tsaye, ba a ƙarin waya ba, a nisanta ta ƙafa 3 daga labule da darduma.
3. Mai ciwon suga wanda ƙafarsa ta rage jin zafi, kada ya ɗora mata matashin ɗumi, kada kuma kowa ya yi barci da shi. Ƙuna na iya samuwa bai sani ba.
4. Kan bulumboti da ya yi danƙo ko ya tsage, a canza shi.

Mai shakka ya kawo kayan kantin magani mu duba tare. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.