Gargaɗi Game da Fiya-Fiya

Duk wanda ya yi damina a Gyadi-Gyadi ko Tarauni, sa'ad da kwatoci suka cika suka tumbatsa, sauro ya hana babba da yaro runtsawa, ba zai yi mamakin karɓuwar da fiya-fiya ta samu a gidajenmu ba, domin ga araha, ga shi kuma aikinta a kan sauro da kyankyaso da kuɗin cizo bai buƙaci shaida ba. Amma wajibi ne jama'a su sani cewa dafin da ke cikinta, wanda masana ke kira dikulobos, bai bambance ƙwaro da ɗan Adam ba, saboda yana toshe sinadarin da Allah, cikin hikimarsa, ya sanya don tsayar da saƙon jijiya bayan ya isa, har jijiyoyi su yi ta aiki ba tsayawa, numfashi ya gagara. Yana kuwa shiga ta baki, ta hanci, har ta fata.

Bisa wannan hujja hukumar NAFDAC ta hana sayar da maganin ƙwari Sniper da ire-irensa masu ɗauke da dafin nan a kasuwanni da kantuna a 2019, bayan Tarayyar Turai ta dakatar da shigar waken Nijeriya a 2015 saboda ragowar dafin nan a cikinsa. Mai zuba wa wake guba don ƙwari, alhali ga buhun PICS mai toshe iska, lalle ya ci amanar masu ci.

Gafalar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta ɗura fiya-fiya a gorar lemo, a ajiye ƙarƙashin gado ko kusa da randa, inda yaro mai ƙishirwa zai ɗaga ya kurɓa. Ko a yayyafa ta da almuru, a rufe tagogi, a shimfiɗa wa jariri a ɗakin. Wanda lalura ta tilasta wa amfani da ita ya rufe hancinsa, ya kuma rufe hannuwansa, ya kawar da abinci, ya fitar da iyali, kada a koma sai ɗaki ya sha iska.

Idan wani ya sha ko ya shaƙi fiya-fiya, aka ga dalala da zufa da hawaye, ƙwayar ido ta tsuke, kada a ɗura manja ko madara, kada a tilasta amai. A tuɓe tufafin da ta jiƙa, a wanke jiki da sabulu, a garzaya asibiti mafi kusa, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan a titin Zariya, a tafi da kwalbar domin likita ya san dafin, ya gaggauta allurar atirofin.