Tsokar da ke ɗaga giwan ruwa



A bikin kamun kifi na Argungu na 2020, kifin da ya zo na ɗaya a Matan Fada ya kai kilo 78. Idon 'yan kallo na kan kifin, amma shirinmu na yau yana kan kafaɗar da ta cicciɓo shi, ita ce kuma ke sarrafa homa da tuƙa kwalekwale.

Tudun naman nan da ya lulluɓe kafaɗa shi likitoci ke kira deltoyid. Tsoka ce mai kusurwa uku, aikinta ma kashi uku ne. Ɓangaren gaba ya taso daga ƙashin da ya gitta ƙasan wuya, shi ke miƙa hannu gaba. Na tsakiya yana ɗaga hannu ta gefe. Na baya kuwa daga allon kafaɗa ya fito, yana janyo hannu baya idan matuƙi ya ja filafili cikin ruwa. Dukansu sun haɗu a tsakiyar ƙashin damtse. Saboda kaurinta ne ake yi wa manya allurar rigakafi a wurin.

Sai dai duk girmanta, ba ita ke fara aikin ba. Akwai wata 'yar tsoka a ɓoye a saman allon kafaɗa, ita ke soma raba hannu da jiki, kimanin digiri 15, kafin babbar ta karɓa. Ita da 'yan uwanta uku ne ke riƙe kan ƙashin damtse a gurbinsa, domin gurbin ba shi da zurfi. Shi ya sa a cikin manyan gaɓoɓi babu mai yawan gocewa kamar kafaɗa, 'yan kokawa da 'yan dambe shaida ne.

A nan hatsarin yake. Jijiyar da ke kai wa deltoyid saƙo ta zagaye ƙashin damtse ta wajen hammata, gocewa na iya yi mata lahani. Alamarta ita ce fatar gefen kafaɗa ta mutu, ba a jin taɓi, daga baya tsokar ta rame. Wanda ya ji haka, kada ya yarda a fizgi hannun da ƙarfi a gida. A rataye hannun da ƙyalle a nufi asibiti, kamar na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, a ɗauki hoton ƙashi kafin a mayar.