Bargon da ke ba da labari: yadda Faith Ringgold da mahaifiyarta suka haɗa fenti da allura

A gidan adana kayan zane na Guggenheim da ke birnin New York a Amurka, akwai wani bargo da ba don lulluɓa aka yi shi ba. Tsakiyarsa zane ne na fenti: wani iyali a kan rufin bene da daddare, manya zaune a gaban tebur, yara biyu kwance a kan katifa, ga shanya a igiya, can nesa kuma wata gada tana ƙyalli da fitilu. Gefunansa ƙyallaye ne masu furanni da aka harhaɗa da ɗinki, sannan ga rubutun hannu a jere yana ba da labarin yarinyar da ke kwance a katifar. Sunan aikin "Tar Beach", an gama shi a 1988, kuma wadda ta yi shi baƙar fata ce 'yar unguwar Harlem mai suna Faith Ringgold, wadda ta rasu a watan Afrilun 2024 tana da shekara 93.

Irin wannan bargo Turawa na kiransa kwilt. Hawa uku gare shi: na sama, wanda aka yi da gutsattsarin yadi da aka ɗinke wuri guda, na tsakiya na auduga mai laushi, sai na baya wanda yadi ne falle ɗaya. Ana bin duka ukun da ɗinki don su zama abu guda. Sanyi da rashin kuɗi ne suka yaɗa shi a gidajen talakawan Amurka, domin tsohuwar riga da ragowar yadin tela ba a zubar da su. An daɗe ana kallonsa a matsayin aikin mata na cikin gida, abin shimfiɗa a gado, wanda bai isa ya shiga ɗakin da ake rataye zanen manyan gwanaye ba.

Akwai labarin da ke nuna darajar da aka ba irin wannan aiki a da. Harriet Powers, wadda aka haifa cikin bauta a jihar Georgia a 1837, ta ɗinka wani bargo mai ɗauke da labaran littafin Baibul. Wata malamar zane farar fata mai suna Jennie Smith ta gan shi a wajen baje koli a 1886 ta nemi saye, Harriet ta ƙi. Bayan wasu shekaru da talauci ya matsa wa gidanta sai ta kai shi da kanta, ta nemi dala goma, aka ba ta biyar. Yau bargon yana hannun cibiyar Smithsonian a birnin Washington.

Ɗiyar tela

An haifi Faith a 1930. Tana ƙarama ciwon asma ya riƙa hana ta zuwa makaranta, sai ta zauna gida wurin mahaifiyarta, Willi Posey, wadda tela ce mai tsara kayan mata a Harlem. Duk uwar da ta taɓa jinyar yaro mai asma ta san wuyar zaunar da shi wuri ɗaya. Dabarar Willi ita ce ta ba 'yarta takarda da fensiran kala da ƙyallayen da suka faɗo daga almakashi. Ita kanta Willi a wurin kakarta Betsy Bingham ta koyi ɗinkin bargo, Betsy kuma a wurin mahaifiyarta Susie Shannon, wadda baiwa ce da ke ɗinka wa iyayen gidanta barguna.

Sai dai da Faith ta girma ba allura ta nufa ba. Burinta ta zama mai zane irin na Turawa, da fenti da burushi da firam na katako. Da ta je kwalejin birnin New York sai aka ce ba a ɗaukar mata a sashen da take so, don haka ta shiga sashen koyon koyar da zane. Ta gama a 1955, ta yi digiri na biyu a 1959, ta kuma yi ta koyarwa a makarantun gwamnati har zuwa 1973. Tana koyarwa tana zanenta, tana rainon 'ya'ya mata biyu. Zanen da ta yi a shekarun 1960 a kan wariyar launin fata masu zafi ne, kuma masu saye ba su yi rububinsu ba. A 1970 tana cikin matan da suka yi zanga-zanga a gidan zane na Whitney suna neman a raba gurbin baje koli daidai tsakanin maza da mata.

Abin da ya juya akalar aikinta ya faru ne a 1972, a gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam a ƙasar Holan. A can ta ga zanen addini na mutanen Tibet, waɗanda ake yi a kan yadi a kewaye su da wani yadin maimakon katako. Amfanin wannan a fili yake ga macen da ke aiki ita kaɗai. Zane mai firam yana da nauyi, sai an nemo mai kamawa, sai an biya kuɗi mai yawa kafin a aika shi wani gari. Na yadi kuwa naɗe shi za a yi kamar tabarma a sa a akwati. Da ta dawo gida sai ta koma wurin wanda ya fi kowa sanin yadi a rayuwarta. Ita tana fenti, Willi tana yanka tana ɗinka gefuna.

A wannan tsakanin ta zo Afirka ta Yamma: ta ziyarci Ghana da Najeriya a 1976, ta sake dawowa a 1977 don bikin FESTAC na Legas.

A 1980 uwa da 'ya suka yi bargonsu na farko, "Echoes of Harlem", fuskoki 30 da Faith ta zana, Willi ta harhaɗa. Shi ne kuma na ƙarshe da suka yi tare, domin Willi ta rasu a 1981. A ganina wannan matar ta cancanci a riƙa ambatonta fiye da yadda ake yi. Digiri biyu ba su koya wa Faith yadda ake daidaita kusurwa ko yadda yadi ke ja idan an yanka shi a karkace ba. Wannan ilimin a ɗakin ɗinkin uwarta yake, kuma ba ta koma gare shi sosai ba sai da ta haura shekara 40.

Rubutun da aka ƙi bugawa

Faith ta rubuta tarihin rayuwarta, amma kamfanonin buga littattafai suka ƙi karɓa. Sai ta yi tunanin cewa idan ta rubuta labari a jikin bargo, duk wanda ya tsaya kallo dole ya karanta, kuma babu editan da zai goge mata kalma. A 1983 ta yi bargon labari na farko, "Who's Afraid of Aunt Jemima?". Aunt Jemima hoton wata baƙar mai aikin gida ce da wani kamfani ya daɗe yana mannawa a kwalin garin fanke. Faith ta mayar da ita 'yar kasuwa mai dukiya da iyali da ra'ayin kanta. Kamfanin bai daina amfani da sunan ba sai a 2021.

"Tar Beach" shi ya fi shahara. Ma'anar sunan ita ce bakin teku na kwalta, wato rufin benen da talakawan Harlem ke hawa su sha iska idan zafi ya hana barci a ɗaki. Wadda ta taɓa fitar da tabarma tsakar gida a watan Afrilu ba ta buƙatar ƙarin bayani. Yarinyar labarin, Cassie, 'yar shekara takwas, tana kwance tana ganin kanta tana tashi sama a kan gadar George Washington, tana cewa duk abin da ta ratsa ta kansa ya zama nata, har da ginin ƙungiyar ma'aikatan da aka hana mahaifinta shiga saboda launin fatarsa. A 1991 aka mayar da bargon littafin yara, ya samu lambar yabo ta Coretta Scott King da kuma karramawar Caldecott. Tarihin rayuwar nan da aka ƙi a baya shi ma ya fito a 1995.

Daga baya ta yi jerin barguna 12 a kan wata baƙar Ba'amurkiya da ta je Faransa koyon zane. A ɗaya daga cikinsu an ga mata takwas da suka yi gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, irin su Harriet Tubman da Rosa Parks, zaune a gonar furanni suna ɗinka bargo tare, shahararren mai zanen nan Van Gogh kuwa yana tsaye a gefe riƙe da furanni kamar ɗan aike.

Koyarwa ba ta bar ta ba. Ta zama farfesa a Jami'ar California da ke San Diego daga 1987 zuwa 2002. Har yau malaman firamare a Amurka na amfani da littafinta wajen koya wa yara wannan aiki: kowane yaro ya zana mafarkinsa a tsakiya, ya rubuta layi biyu ko uku, ya kewaye da gutsattsarin yadi ko takarda mai kala. Yaron da ke jin nauyin rubutu sau da yawa yakan saki jiki idan an bar shi ya fara da zane.

Idan uwargida na son gwadawa

Zane a kan yadi ba baƙon abu ba ne a Najeriya. Matan Abeokuta da Ibadan sun daɗe suna zana adire da ƙullun rogo da gashin kaza kafin a tsoma shi a baba. Bambancin kawai shi ne a nan fentin ne da kansa ke zama adon.

Ki fara da ƙarami, kamar girman matashin kai, kada ki ɗauko na gado. Yadin da ya fi karɓar fenti shi ne na auduga zalla, fari, irin alawayyo ko akoko mai ɗan kauri. Yadin roba yana zamar da fenti. Ki wanke shi tukuna don sitacin da ke jikinsa ya fita, idan ba haka ba fentin zai zauna a kan sitacin ya ɓanɓare daga baya. Ki goge shi, ki shimfiɗa a kan leda ko kwali, ki ɗame gefunan don kada ya motsa.

Fentin da Faith ta yi amfani da shi akirilik ne, wanda ake sirkawa da ruwa, kuma ana samunsa a shagunan kayan zane da na makaranta. Idan ya bushe yana sa yadi ya ɗan yi tauri, amma wannan ba matsala ba ce ga abin da za a rataye a bango. Idan kina son ya yi laushi har a iya wanke shi, ki nemi fentin da aka yi musamman don yadi. Fentin bango da mai maiƙo ba sa yi. Kala biyar sun isa: ja, rawaya, shuɗi, baƙi da fari, sauran duk daga haɗa waɗannan suke fitowa. Ki fara zana abin da kike so da fensir, sannan ki bi da fenti. Ruwa kaɗan za ki sa, domin idan ya yi yawa kalar za ta bi zaren yadin ta malala inda ba a aike ta ba. Ki bar shi ya kwana ya bushe sarai, sannan ki juya bayansa ki goge da dutsen guga na 'yan mintuna ba tare da yayyafa ruwa ba. Zafin ne ke kama fentin yadi.

Wadda ba ta son zanen mutum ko dabba ba ta rasa abin yi ba. Ƙofar gidanku na ƙauye, bishiyar da ke tsakar gida, dagi, zanen lalle, kwanukan jere, duk suna iya ɗaukar labari. Rubutun kuma ki yi shi a kan siririn farin yadi da alƙalamin da tawadarsa ba ta fita da ruwa, da boko ko da ajami.

Gefen shi ne inda abin ke da daɗi. Ki ciro ragowar atamfar ankon bikin ƙanwarki, ko guntun zanin goyon ɗan fari, ko ki roƙi telanki ya tara miki ƙyallayen da yake sharewa. Ki yanka su murabba'i daidai da juna, ki bar kamar rubu'in inci a kowane gefe don ɗinki, ki haɗa su layi-layi ki ɗinka a kewayen zanen. Su ma a wanke su tukuna, musamman masu rini, don kada su yi zuba a kan farin. Daga nan ki jera hawa ukun: yadin baya a ƙasa, siririyar auduga ko tsohon zanen gado mai laushi a tsakiya, zanen a sama. Ki kama su da fil, ki fara ɗinki daga tsakiya kina fita zuwa gefe. Idan kika fara daga gefe, tsakiyar za ta tattare ta kumbura. Ɗinki ta cikin fenti mai kauri yana gajiyar da yatsa, saboda haka ki bi layin zanen ta inda fentin bai yi yawa ba.

Wajen koya wa yara, ki raba aikin gwargwadon shekaru. Ƙanana su yi fenti, kowa da murabba'insa, 'yan shekara tara zuwa sama su riƙe allura kina kusa. Abu ɗaya da zan roƙe ki: kada ki gyara musu zanen. Gidan da ya karkace da rana mai launin kore su ne za ki fi so idan an shekara goma. Ki sa kowa ya rubuta sunansa da shekarar a ƙasan nasa, idan kuma kaka na gidan, a ba ta ta faɗi labarin da za a rubuta, jikoki su zana.

Idan an gama, ki ɗinka doguwar aljihu a bayan bargon ta sama, ki zura sanda, ki rataye shi a bangon da rana ba ta dukansa kai tsaye, domin rana na cin kalar atamfa. Lokacin hunturu kaɗe shi kawai za ki riƙa yi. Idan kuma za ki ajiye, ki naɗe shi zanen yana waje maimakon ninkewa, saboda fenti na tsagewa a kan layin ninki.